Na je na ga inda ƙanena yake karatu: sanyin ƙasar Maroko



A garinmu, cikin ƙasar Madarunfa, in aka ce ɗan wane ya tahi waje karatu, sai kowa ya ɗauka ya gama da wahala. Ni ma haka na ɗauka. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya samu bak a Maraɗi, aka ba shi kuɗin tallahin karatu da suke ce ma burs, ya tahi ƙasar Maroko a shekarar 2021. Yana karatun ilimin ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta a jami'ar garin Maknas. Hotunan da yake aiko muna, kullum yana tsaye gaban babban gini yana dariya. Sai muka shiga aike. Inna tana son kuɗin magani. Ƙanwarmu tana son zane. Ni kaina na ce ya taimaka mani da kuɗin salula. Bai taɓa ce muna babu ba.

A ƙarshen watan Janairu na 2023, kawunmu, ɗan kasuwa ne mai sayar da aya, ya yi niyyar ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas. Bai yi lakwal ba. Ya ce in raka shi, in riƙa karanta mashi allunan hanya da cika takardu, shi kuma ya biya kuɗin jirgi. Ga abin da na gano. Gani ya kori ji.

Daga Yamai zuwa Maknas

Mun yi kwana ɗaya cur cikin mota daga Maraɗi zuwa Yamai, kilomita wajen 660. Jirgin sama ya tashi da mu cikin dare. Awa uku da wani abu muka sauka Kazablanka. Tashar jirgin ƙasa tana nan ƙarƙashin hilin jirgin saman. Muka shiga, muka canza wani jirgin cikin gari, muka bi ta Rabat da Kenitra da Sidi Kasem, har Maknas, wajen awa uku.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gonaki. Na baro gida ƙasa ta bushe, iskar hunturu tana kaɗa kara. Can kuwa ko'ina shar, alkama da sha'ir sun hito kamar tsawon ɗan yatsa. Damanarsu cikin ɗari take. Suna shuka a watan Nuwamba da Disamba, su yi girbi a watan Mayu da Yuni, lokacin da mu muke jiran ruwan shuka. Ke nan a wurinsu sanyi da ruwan sama tare suke zuwa. Ku yi tunanin ɗarin Janairu, a ce kuma ana ruwa, tufarka ta jiƙe, babu rana da za ta busar da ita.

Ƙanena ya tarye mu a tasha. Na kusa in wuce shi. Ya rame, ya sha wata ƙatuwar riga ta gwanjo da hular ulu har kunne. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce mani: "Yaya, wannan ce rigar sanyin da ka taho da ita?" Na ce ita ce, da ita nake zuwa gona da asuba. Ya yi dariya, ya tuɓe tashi ya ba ni.

Ɗakin ɗalibai

Su huɗu ne suke haya a saman wani bene, biyu ƴan Nijar, ɗaya ɗan Mali, ɗaya ɗan Cadi. Ɗaki biyu, ɗan madafi, da makewayi. Gidajen garin an gina su ne don zahi, ba don sanyi ba. Ƙasa duk tayil ce, bango yana tsattsafo. Da dare sanyi yakan sauka wajen digiri 5. Mu a Maraɗi, sanyin da muke kuka da shi da sahe wajen 12 ko 13 ne. Babu abin ɗuma ɗaki. Injin ɗumi mai aiki da kuran yana cin kuɗi, ba su kunna shi. Da riga da safa suke kwana, bargo biyu ko uku.

Agogonsu a lokacin daidai yake da namu, amma rana ba ta hitowa sai bayan ƙarhe 8. Ana sallar asuba kusan ƙarhe 7. Ɗalibi yana hita zuwa aji cikin duhu, hannu cikin aljihu, numfashi yana hita kamar hayaƙi.

Kowa da ranar girkinshi, an rubuta an liƙa a bango. Babu ƙanwa, babu uwa. Ƙanena da ko ruwa bai taɓa dafa muna ba a gida, ga shi yana yanka albasa kamar mai tuwo-tuwo. Abincinsu burodi ne mai faɗi kamar waina babba, dirhami ɗaya da ɗan kai. Dirhami shi ne kuɗinsu, ɗaya wajen dala 12 ne namu. Sai shinkafa, da wani ƙaramin wake da suke ce ma adas, da kihin sardin don shi ne mai araha. Da sahe in akwai kuɗi sukan sha bisara, wani kunun wake mai kauri da ake tarfa ma man zaitun. Yana riƙe ciki har azahar. Gero babu shi. Kukar miya da daddawa da yajin da Inna ta ba ni in kai, da na buɗe ƙullin, sai da yaran duka suka taso suna sunsuna. Ɗan Cadin ya ce wa Kawu: "Baba, yau salla muke."

Kwalbar gaz babba dirhami 40 ce a lokacin, a 2024 aka mai da ita 50. Wanka da ruwan zahi kuwa, sau ɗaya a mako sukan je gidan wankan unguwa da ake ce ma hammam. Karatu da faransanci ake yi, amma a kasuwa sai larabcinsu na gida, darija, wanda ko malamin zaure ba zai gane shi nan da nan ba. Kowace shekara sai baƙo ya sabunta takardar zama. In burs ta makara, ɗalibai suna da ɗan asusu tsakaninsu da suke ranta ma juna.

Na tambaye su zaman mutanen gari. Suka ce kamar ko'ina ne. Akwai yaran da suke bin su da sunan banza saboda baƙar fata, akwai mai gidan da yake ƙin ba baƙo haya. Akwai kuma tsohuwar da ke zaune ƙasan benensu. Duk Juma'a takan aiko jikanta da akushin kuskus, da kabewa da karas bisa kai. Na ci shi da hannuna.

Daren gawayi

Wannan laihina ne, kuma ina ba da labarin don kada wani ya yi irinshi. Dare na biyu yaran sun tahi bitar jarrabawarsu ta ƙarshe wurin abokai. Kawu yana rawar ɗari. Na sauka na sayo gawayi, na hura shi cikin wani tsohon kasko, na shigar da shi ɗaki, na ruhe taga da ƙofa, na toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Ɗaki ya yi ɗumi, muka ji daɗi. Can sai kaina ya fara sara. Na ga Kawu yana gyangyaɗi da tazbaha a hannu. Na so in tashi, ƙafa ta ƙi.

Allah ya kawo ƙanena da wuri. Ya buɗe taga, ya hita da kaskon, suka ja mu zuwa matakala inda iska take. Ban taɓa ganin ya ɗaga mani murya ba sai ran nan. Ya ce: "Yaya, so kake in kai ma Inna gawa biyu?" Ya ce gawayi in yana ci cikin rufaffen ɗaki, yana hidda wata iska da ba a gani, ba a jin warinta. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mutum ya ji barci, daga nan sai lahira. Kowane ɗari tana kashe mutane a can. A nan ma muna shigar da garwashi ɗakin mai jego da na tsohuwa. Jama'a, in za a yi, a bar taga buɗe, kuma a hidda wutar kahin a kwanta.

Kayen lissahi

Washegari ina neman takardar da zan rubuta ma Kawu lambar ɗaki, sai na ci karo da wani kaye. Ƙanena yana rubuta duk abin da ya kashe, har burodi ɗaya. Haya. Kuran da ruwa. Gaz. Kuɗin buga takardun karatu. Ina buɗawa sai na ga: "Inna, magani." Gaba kaɗan: "Yaya, salula." A watan da ya biyo baya, babu kihi ko sau ɗaya cikin lissahin. Burodi ne da adas, burodi da adas. A gehe ya rubuta "takalmin sanyi", ya ja layi ya soke.

Na zauna bakin katifa. Salular tana cikin aljihuna. Na ji ta yi mani nauyi kamar dutsen niƙa. Da ya dawo na ce: "Don mi ba ka gaya muna ba?" Ya ce: "Yaya, ku kuka sayar da tumaki biyu kuka yi mani faspo. Da wane baki zan ce babu?" Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Rumbunan sarki da fatun Fas

Kahin mu bar Maknas, ya zaga da mu gari. Sarki Maulay Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, shi ya mai da garin babban birninshi. Ya kewaye shi da ganuwa mai tsawo. Abin da ya hi burge ni rumbunanshi ne, da ake ce ma Heri Suwani. Ginin ƙasa ne da duwatsu, kaurin bangon ya kai taku uku ko huɗu, don hatsi ya zauna cikin sanyi kada ya lalace. Kusa da su akwai wani ƙaton tabki da aka gina da hannu. Hatsi da ruwa, su sarkin ya fara tanada. Na tuna bankin cimakar garinmu da ƙofarshi ta karye shekara biyu ba mu gyara ba.

Daga Maknas zuwa Fas kilomita wajen 60 ne. Tsohon birnin mota ba ta shiga. Lungu ne ƙanana, jaki da alfadari su ke ɗaukar kaya. Zawiyar Shehu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, tana tsakiyar lungunan. A ƙofarta na ji hausa, na ji zabarmanci, na ji yaren Sanigal. Kawu ya yi kuka da ya shiga. Ba nisa akwai masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata mata, Fatima al-Fihriyya, ta gina a shekarar 859, har yau ana karatu a cikinshi.

Muka je majemar Shuwara. Ramuka ne da yawa kamar na marina, ana jiƙa fata cikin farar ƙasa da kashin tantabara. Saboda wari, ganyen na'ana'a ake ba baƙo ya riƙe a hanci. A nan ƙanena ya gaya mani abin da ban sani ba. A zamanin ayari, fatar jar akuyarmu ta Maraɗi da Sakkwato tana ƙetare Sahara zuwa arewa, daga can a sayar ma Turawa. Su kuma suka sa mata suna fatar Maroko. Akuyar tamu, sunan na wasu.

Hawan dutse

Kawu ya ce zai zauna zawiya kwana uku. Ɗalibai sun gama jarrabawa, suna da hutun ƴan kwanaki. Ba su iya zuwa gida, kuɗin jirgi ya hi ƙarhinsu. Hutunsu shi ne su haɗa kuɗi su je ganin ƙanƙara. Mu shida muka yi shatar babbar taksi daga Fas zuwa Ifran, shi ma wajen kilomita 60, amma duk hawa ne.

Bayan garin Imuzar direba ya ratse da mu muka ga tabkin Dayat Awwa. Ƙanena ya ce da can mutane suna shiga kwale-kwale a cikinshi. Mu dai busasshen hili muka iske, dawaki suna yawo inda ruwa yake da. Ya nuna mani gonakin tuffa da suka kewaye wurin. Ya ce abu biyu suka haɗu: ruwan sama da ƙanƙara sun ragu shekara da shekaru, masu gonaki kuma sun haƙa foraji da yawa suna ja da inji.

Muna ƙara hawa sai na ga gehen hanya ya yi fari kamar an zuba auduga. Akwai shingen ƙarhe da jandarmomi suke ruhe hanya da shi in ƙanƙara ta yi yawa, sai motar shara ta wuce a buɗe. Ran nan a buɗe yake.

Ƙanƙarar nan ba irin tamu ba ce mai faɗowa kamar tsakuwa ta kashe gero. Wannan laushi gare ta kamar garin rogo. Na damƙa da hannu. Da farko ban ji komi ba. Can sai yatsu suka fara zugi kamar kunama ta harbe ni. Takalmina ya jiƙe nan take. Ashe don haka yaran suka sa leda cikin takalmi bisa safa. A bakin hanya akwai masu ba da hayar takalman roba da ɗan katakon da ake zama a sulala daga tudu. Na hau sau ɗaya, na faɗi, na bar ma yara.

Ifran tana bisa tudu mai tsawon mita 1.665 daga teku. Faransawa suka gina ta a 1929 don su riƙa shan iska. Kan gidajen a tsaye yake kamar jinkar bukka, da jan tayil, don ƙanƙara ta zame kada ta karya gini. A tsakiyar gari akwai zaki da aka sassaƙa da dutse, kowa yana layi ya ɗauki hoto da shi. A wannan gari ne, ranar 11 ga Fabrairu 1935, aka auna sanyin da ya hi kowane a Afirka: digiri kusan 24 ƙasa da ziro. Ziro kuwa shi ne inda ruwa yake daskarewa.

Ni malamin karatu ne, idona yana kan alluna. A ƙofar ma'aikatu na ga rubutu iri uku: larabci, faransanci, da wani mai da'ira da ɗigo da gicciye. Na ce wannan ai ya yi kama da rubutun Buzayenmu. Aka ce shi ne, Tifinag. Mutanen duwatsun nan Amazig ne, harshensu ɗan'uwan tamashek ne, kuma tun 2011 tsarin mulkin ƙasar ya sa shi cikin harsunan hukuma.

Muka gangara wajen Azru, cikin dajin wasu manyan itatuwa da ake ce ma arz, ba su zubar da ganye ko cikin ƙanƙara. Birai marasa wutsiya suna saukowa su karɓi gujiya a hannun mutane. Amma abin da ya tsaya mani a rai wani makiyayi ne da muka iske bayan dajin, cikin jallabiyar ulu mai hula, da tumakinshi masu jar huska. Ciyawa tana ƙarƙashin ƙanƙara. Yana ɗauke da buhun sha'ir bisa jaki. Direba ya yi muna tafinta. Ya ce ɗari shi ne lokacin wahalarsu: abincin bisashe da kuɗi, itacen wuta da kuɗi, hanya takan ruhe mai ciki ba ta isa likita. Na ce mashi mu a watan Mayu muke irin wannan kuka. Ya ce amma in ƙanƙarar ba ta zo ba, kukan ya hi haka. Mu mun zo wasa da ita, shi rayuwarshi ce.

Rumbun ruwa

A hanyar komawa ta El Hajeb, ƙanena ya yi mani bayani. Ya ce: "Yaya, ƙanƙarar nan rumbu ce. Ruwan sama yana zuwa ya gudu. Ita kuwa tana zaune bisa dutse, tana narkewa kaɗan-kaɗan, dutsen yana sha. Daga nan idanun ruwa suke ɓulɓulowa. Manyan kogunan ƙasar biyu, Sebu da Ummu Rabi'a, daga duwatsun nan suke tasowa. In rumbun bai cika ba, kana kuma ɗiba da inji dare da rana, ka ga abin da ya samu tabkin can."

Maganarshi ta tabbata. A 2022 Maroko ta ga farin da ta daɗe ba ta ga irinshi ba. Bisashe suka yi ta raguwa, har a 2025 Sarki Muhammadu na shida ya roƙi mutanenshi su bar yanka ragon layya a wannan shekara.

Na ce to mu da ba mu da ƙanƙara? Ya ce namu rumbun rairayin gulbi ne. Ruwan da Gulbin Maraɗi yake kawowa da damana, yana nutsewa, shi muke ja da rani. Injin ban ruwa yana ƙaruwa a fadama kowace shekara, amma wa yake auna rijiya? Ya ce in ɗaure igiya da dutse, in riƙa auna zurhin ruwan rijiyar garinmu ranar ɗaya ga kowane wata, in rubuta a kaye. Tun da na dawo ina yi, ni da ɗalibaina na yaƙi da jahilci. Su suke rubuta lambobin da hannunsu. Ya ce in ya gama, da wannan kayen zai fara aiki. Na ce Allah ya sa, don da yawa sun tahi ba su dawo ba. Ya ce: "Sanyin nan kaɗai ya isa ya koro ni gida."

Abin da nake roƙon iyaye

Ranar da za mu taso, na bar mashi bargona da sauran guzurina. Kawu ya kai shi kasuwa ya saya mashi takalmin da ya soke a kaye.

Ƴan'uwa, wanda ɗanshi ko ɗiyarshi ke karatu waje, ga shawarata. Burs ba albashi ba ce, kuɗin burodi da haya ce. Kada mu dubi hoto mu yi aike. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: ku bar yaro ya ci ya ƙoshi ya gama, amfanin yana gaba. In za ya tahi ƙasa mai sanyi, a tanadar mashi kuɗin riga da bargo da takalmi tun daga gida. A koya ma yaro namiji girki da wanki kahin ya tashi. In an samu mai zuwa, a aika kuka da daddawa da kilishi. In kun kira shi, kada ku tsaya ga "lahiya lau". Ku tambaye shi mi ya ci yau.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙa gaya muna gaskiya. Kunya ba ta ɗuma ɗaki.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya maido muna su lahiya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, ƙasar Madarunfa, jihar Maraɗi.